Hanta ce ke haɗa yuriya, ba ƙoda ba

Duk shekara in na ɗauki takardun gwajin 'yan SS3, amsar nan ɗaya nake tararwa a tambayar yadda jiki ke yi da rarar furotin: wai ƙoda ce ke samar da yuriya, sinadarin sharar nan da ke fita a fitsari. Wallahi na gaji.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin. A gwajinmu na ƙarshe kafin WAEC na cika shafi guda cur ina bayanin ƙoda, malaminmu ya sa jan biro ya soke shi daga sama har ƙasa. Kwana uku ina jin haushinsa, alhali shi ke da gaskiya.

Ga yadda abin yake. Ka ci tsire ko ƙosai, furotin ya narke ya koma amino asid, jijiyar jinin da ta taso daga hanji ta kai su hanta. Jiki ya ɗebi abin da zai gina tsoka da sauransu. Rarar fa? Ba ta da rumbu, ba kamar sukari da kitse ba. Sai hanta ta ɓalle ɓangaren da ke ɗauke da naitirojin, ya zama amoniya. Amoniya guba ce, ƙwaƙwalwa ta fi cutarwa, shi ya sa wanda ciwon hanta ya ci ƙarfinsa yake ruɗewa, har ya kai ga dogon suma. Hanta kan haɗa amoniyar da iskar kabon dayoksaid ta zama yuriya, jini ya kai wa ƙoda, ita kuma ta tace ta fitar a fitsari. A batun yuriya, tacewa kaɗai aikin ƙoda. Ni dai yanzu ba na barin ɗalibi ya rubuta ko kalma sai ya zana hanta, ya ja kibiya zuwa ƙoda.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don na lalaci ne. Kuna rubuta wai duk amino asid ɗin ake zubarwa. Haba ɗalibai! Ragowar mai ɗauke da kabon ina kuka kai shi? Jiki yana ƙona shi ya sami ƙarfi, ko ya mayar da shi gulukos, ko kitse. Rabin makin tambayar a nan yake, ku kuwa kuna barinsa a kan tebur.

Sai masu cakuɗa da'irori biyu, wato jerin matakan da sinadarai ke bi suna zagayowa a jiki, saboda masanin kimiyya Hans Krebs yana da hannu a gano dukansu. Ta yuriya shi da Kurt Henseleit suka bayyana ta a 1932. Ta samar da ƙarfi a cikin ƙwayar halitta a 1937 ta zo.

Yuriya ba fitsari ba ce, narke take a cikinsa. Sinadarin ɗaya ne da farin takin da babanku ke zuba wa masara, sai dai shi a masana'anta ake yin sa.

In kuma tambaya ta juyo kan tsuntsaye, kada ku rubuta yuriya. Farin nan da ke kan kashin kaza yurik asid ne.