Yadda Ake Gane Shekarun Bindigar Nambu ta Sojan Japan da Kimanta Darajarta

Kakanninmu da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma sun ga wannan ƙaramar bindiga rataye a ƙugun sojojin Japan. Sunanta Nambu, daga sunan wanda ya tsara ta, Kijiro Nambu. Yau kasuwarta ta fi ci a Amurka, don sojojin ƙasar sun koma gida da ita da yawa a matsayin ganima bayan 1945. A Najeriya doka ta hana riƙe fistol ba da izini ba, saboda haka mu namu sai dai a gidan tarihi ko a hotunan gidajen gwanjo. Duk da haka karanta jikinta ilimi ne mai daɗi.

Kafin komai, a cire gidan harsashi, a tabbatar babu ko ɗaya a ciki. Sannan ka tantance samfurin. Wadda aka fi samu ita ce Type 14, da soja suka karɓa a 1925, shekara ta 14 ta mulkin Sarki Taisho, mai cin harsashi takwas. Type 94 ta fi ta ƙanƙanta, shida take ci, kuma tana da wani ƙarfe a fili a gefen hagu wanda in aka danna shi tana ɗane sai ta tashi ba a taɓa kunama ba. A kiyaye.

Sai ka juya ta gefen dama. Can wajen baya, ƙarƙashin lambarta, za ka ga wasu ƙananan alƙaluma da ɗigo a tsakani, misali 18.6. Na farko shekarar mulkin Sarki Hirohito ce, wato zamanin Showa, na biyu kuma wata. Ƙara 1925 a kan na farkon: 18.6 ta zama Yunin 1943, 20.1 kuma Janairun 1945. Amma akwai wani tarko. 'Yan kaɗan na farko-farkon Type 14 an buga musu 15.11 ko 15.12 da lissafin Taisho, ƙarshen 1926 ke nan. Wanda ya yi gaggawa sai ya ce 1940 ce, ya sayar da zinariya a kuɗin tagulla.

Abin da ke raba gardama a Type 14 shi ne zoben da ya kewaye kunama. Har zuwa 1939 ƙarami ne zagayayye. Daga nan aka faɗaɗa shi don sojan da ke sanye da safar hannu a sanyin Manchuriya ya iya zura yatsa. Ta 1940 dole zobenta ya zama babba, ta 1926 kuwa ƙarami. Haka murfin baya da ake ja a ɗana ta: na da mai tsagi-tsagi ne, a farkon 1944 aka koma mai kaushi. Zuwa ƙarshen wannan shekara ko katakon mariƙi an daina yi masa zane, yaƙi ya ci ƙarfin masana'antu. A ganina wannan mataki ya fi kowanne muhimmanci, don kowane sashe sai ya yi daidai da watan da aka buga. In ya saɓa, an yi mata kwaskwarima ko an haɗa ta daga bindigogi biyu.

Duba tambarin maƙera kuma. Da'irori huɗu masu kamar an jibga duwatsun igwa na Tokyo ne da Kokura. Da'ira mai wasu biyu a ciki, kamar lamba 8, ta Nagoya ce. Toriimatsu da Chigusa masana'antu ne na Nagoya. Ƙirar Toriimatsu ta 1943 da 1944 ita ta cika kasuwa, don haka ta fi araha, ta Chigusa ta farko kuwa wuyar samu gare ta.

Wajen kuɗi, lambobi ake fara bi. Alƙaluma ukun ƙarshe na lambar bindigar suna kan sassanta da dama, har da gidan harsashi. In ya dace da ita, farashi ya ɗaga. In an samu na biyunsa, mai ɗan ɗigo kusa da lambar, wannan tsintuwa ce babba. Kube na asali da takardar da soja suka ba wanda ya kawo ta gida su ma suna ƙara mata daraja. Baby Nambu, wani ƙaramin samfuri da aka ƙera kimanin 6,500 kacal, ta ninka Type 14 kuɗi sau da dama. Ka kwatanta da abin da aka saya da gaske a gwanjon baya-bayan nan, kada ka bi bakin mai talla.

Roƙona ɗaya: kada a goge ta da sanfefa, kada a sake mata launi. Baƙin da ta fito da shi daga masana'anta, ko ya koɗe, shi masu tarawa ke biya. In tsatsa ta fara, ɗan mai a tsumma mai laushi ya isa, sai a ajiye ta wuri busasshe, a waje da kubenta, don fata tana riƙe danshi.