Yadda ɗaliba za ta shirya wa tseren ratsa daji na rukuni na biyu a sakandaren Amurka

A makarantun sakandare na Amurka, da zarar an koma karatu a ƙarshen watan Agusta, sai a buɗe kakar tseren ratsa daji, wato gudun dogon zango da ake yi a kan ciyawa da turɓaya da tuddai maimakon filin da aka shimfiɗa wa roba, kuma ana ci gaba da shi har farkon Nuwamba. Galibi makaranta takan raba 'yan matan ƙungiyarta kashi biyu. Rukunin farko shi ne na mutum bakwai da suka fi kowa sauri, su ne ke wakiltar makaranta a gasar jiha. Duk sauran suna rukuni na biyu, wanda ake kira JV, kuma a mafi yawan wurare ba a ƙayyade adadinsu ba, ba a kuma cika korar kowa ba muddin tana zuwa atisaye. Wannan ne ya sa wasan ya dace da 'ya'yan iyalan da ba su daɗe da sauka a ƙasar ba, domin ba ya buƙatar tsadaddun kaya ko gogewa tun yarinta. Bayanin da ke tafe na ɗalibar da ke son shiga ne, tare da iyayen da za su tsaya mata.

Matakin farko takardu ne, kuma gara a gama da su tun cikin hutu. Ki nemi sunan mai horar da 'yan gudu a ofishin wasanni na makarantarku tun watan Mayu ko Yuni, domin yawancin ƙungiyoyi suna fara haɗuwa a lokacin hutun ƙarshen shekarar karatu, makonni kafin a koma aji. Za a ba ki fom ɗin gwajin lafiya da likita zai cike, da takardar amincewar iyaye, kuma ba za a bar ki shiga atisaye na hukuma ba sai an mayar da su. Idan kina da asma, ko an taɓa gaya miki cewa kina ɗauke da ƙwayar sikila, ki faɗa wa likita da mai horarwa a fili, saboda su san yadda za su kula da ke a ranakun zafi.

A daidai wannan lokaci ne kuma ya kamata a daidaita maganar sutura. A watan Oktoban 2019, wata ɗaliba 'yar shekara 16 mai suna Noor Alexandria Abukaram ta kammala tsere a jihar Ohayo, sai aka soke sakamakonta saboda ta yi gudu da hijabi ba tare da an nema mata takardar izini ta musamman ba. Ƙorafin da ya biyo baya ya kai ga jihar ta kafa doka a 2022 wadda ta hana a tsangwami ɗalibi kan suturar addini a wasannin makaranta, haka nan hukumar NFHS mai rubuta dokokin wasannin sakandare ta sassauta nata sharaɗin. Duk da haka kowace jiha tana da tata hukumar, saboda haka hikima ita ce ki tambayi mai horarwa tun ranar farko abin da dokar jiharku ta tanada game da hijabi da dogon wando da riga mai dogon hannu da ake sawa a ƙarƙashin yunifom. Ki zaɓi hijabin wasanni mara nauyi wanda ba ya buƙatar fil, kuma ki riƙa atisaye da shi tun kafin ranar tsere.

Abin da ya cancanci a kashe masa kuɗi shi ne takalmin atisaye. Ki je kantin da ke sayar da kayan gudu, inda za su sa ki ɗan yi gudu su ga yadda ƙafarki ke taka ƙasa, ki ɗauki wanda ya bar wa yatsu sarari. Irin wannan takalmi yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800. Takalmin ƙusa da ake tsere da shi yana da amfani a taɓo da kan tudu, amma a ganina ɗalibar da ke shekararta ta farko za ta iya yin rabin kaka ba tare da shi ba, kuma ba shi ne zai raba ta da wadda ke gabanta ba.

Mataki na gaba shi ne gina jiki, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin ɓarna, saboda ɗoki. Wadda ba ta saba gudu ba ta fara da minti 20, tana gudu minti 3 tana tafiya minti 1, sau huɗu a mako, har sai ta iya yin minti 30 ba tsayawa. Ma'aunin saurin yana da sauƙi: idan ba za ki iya yin hira da abokiyar gudunki da cikakkun jimloli ba, to kin yi sauri da yawa. Masu horarwa da dama suna bin ƙa'idar kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan da aka yi a makon da ya gabata, kuma dalilinsu shi ne zuciya da huhu suna sabawa da wahala cikin 'yan makonni, alhali ƙashi da jijiyoyi suna buƙatar watanni. Yarinya takan ji numfashinta ya daidaita ta ɗauka ta ƙware, ta ninka gudunta, sai ƙwauri ya fara ciwo.

Idan kaka ta kankama, mako yakan kasance da rana ɗaya ta gudu mai tsawo a hankali, da rana ɗaya ta gudu mai ƙarfi a gajerun zanguna ko hawan tudu, da ranar tsere, sauran kuwa gudu ne mai sauƙi da hutu. Kada ki mayar da ranakun sauƙi fagen gwada ƙwanji da ƙawaye, domin a cikinsu ne jiki ke gyara abin da ranakun wahala suka ɓarje. Ciwon tsoka da ya bazu a ƙafafu biyu, wanda ke raguwa idan jiki ya ɗumama, abu ne da aka saba da shi. Ciwon da ya tsaya a wuri guda a kan ƙashi, wanda za ki iya nuna shi da yatsa ɗaya kuma yana ƙaruwa da gudu, yana iya zama tsagewar ƙashi, kuma wajibi ne a sanar da mai horarwa a ranar.

Akwai wata magana da kunya kan hana a yi ta, alhali ita ce ta fi shafar 'yan mata. Jinin al'ada da yawan gudu suna rage sinadarin ƙarfe a jiki, kuma alamarsa ita ce kasala da haki a saurin da a da ba ya ba ki wahala. Nama da hanta da wake da ganye irin su alayyahu da zogale suna taimakawa, amma kada a sha ƙwayar ƙarin jini sai likita ya yi gwaji ya ba da umarni. Idan al'ada ta ɗauke har wata uku, wannan ba shaidar ƙwazo ba ce, sau da yawa alama ce cewa abincin da ake ci bai kai ƙarfin da ake ƙonawa ba, kuma ƙashi ne ke ɗaukar asarar. Uwa ce ta fi dacewa ta sa ido a nan. Duk wanda ya ce wa yarinya mai tasowa ta rage ci domin ta ƙara sauri, bai kamata a saurare shi ba.

Kafin tseren farko, ki fahimci yadda ake lissafin maki, domin shi ne zai canza yadda za ki yi gudu. Ana haɗa matsayin mutum biyar na farko daga kowace makaranta, wadda jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta yi nasara, kuma mafi kyawun abin da za a iya samu shi ne 15. A ce wata makaranta ta samu na 1 da na 3 da na 4 da na 15 da na 20, jimillarta 43 ke nan. Wata kuma ba ta da ko ɗaya a cikin zakarun sai na 2, amma ta samu na 5 da na 8 da na 11 da na 14, jimillarta 40, ita ce ta ci. Ta shida da ta bakwai ba a haɗa makinsu, amma duk abokiyar hamayyar da suka riga shiga sun ƙara mata lamba, kuma idan aka yi kunnen doki, matsayin ta shida ne ke raba gardama. Ma'anar wannan ita ce ɗalibar da ke can tsakiyar ayari tana iya zama wadda nasarar makaranta ta rataya a wuyanta, ko da ba wanda ya kira sunanta a lasifika.

Nisan tseren ya danganta da jiha. A mafi yawan jihohi kilomita 5 ne, wasu kuma sukan rage wa rukuni na biyu zuwa mil 2, wato kimanin mita 3,200. A dandalin Van Cortlandt da ke Bronx a birnin New York, unguwar da 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, sanannen zangon 'yan sakandare mil 2.5 ne, kuma tuddan da ke bayan filin ne ke tantance kowa. Ki tambayi nisan da taswirar hanyar tun kwana biyu kafin ranar.

Ranar tsere, wadda galibi safiyar Asabar ce, ki karya kumallo awa biyu zuwa uku kafin lokacin tashi, da abinci mara maiƙo da cikinki ya saba da shi, kamar burodi da ayaba ko kunu, sannan ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Da kun isa, ki bi ƙungiya ku zaga hanyar, ki lura da inda ta ƙuntata da inda tudu yake da inda za a fara hango wurin ƙarewa. Inda ake amfani da tutoci, ja na nufin a juya hagu, rawaya a juya dama, shuɗi a miƙe. Kimanin minti 40 kafin a tashi, ki yi sassarfa ta minti 10, ki motsa gaɓoɓi, ki yi gajerun gudu masu sauri huɗu, ki liƙa lambarki a ƙirji, ki ɗaure igiyar takalmi ƙulli biyu.

Sai babban mataki, wanda duk sauran ke yi wa hidima. Idan aka harba bindigar fara tsere, 'yan mata fiye da ɗari na iya zabura a lokaci guda, kuma a rukuni na biyu yawancinsu ba su san saurin da za su iya riƙewa ba, sai su ƙone ƙarfinsu a mita 400 na farko. Ki tashi da ɗan kuzari domin kada a matse ki a inda hanya ta ƙuntata, amma bayan daƙiƙa 30 ki koma saurin da kika tsara. Idan burinki minti 27 da daƙiƙa 30 ne a kilomita 5, to kowace kilomita minti 5 da rabi ce, mil ɗaya kuma kimanin minti 8 da daƙiƙa 51. Za ki ga waɗanda kika fi ƙarfi sun wuce ki, kuma zuciya za ta ce ki bi su. Ki ƙyale su, domin gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma da yawansu za ki tarar da su suna tafiya a tudun farko.

Tsakiyar tsere ita ce wurin da hankali ke gudu ya bar jiki, saboda 'yan kallo sun ragu kuma ƙarshe bai bayyana ba. Maganin wannan shi ne ki nemi abokiyar ƙungiyarku mai sauri irin naki ku jera tare, ko ki ɗora ido a bayan rigar wadda ke gabanki har ki cim mata, sannan ki zaɓi wata. A hawan tudu ki gajarta taku, ki ɗan karkata gaba, ki yi aiki da hannuwa, kuma kada ki sassauta da kin kai ƙololuwa, domin a nan ne kowa ke son hutawa, taku goma masu ƙarfi sukan raba ki da mutum uku. A gangara kuwa ki saki jiki maimakon taka birki da diddige. Idan gefen ciki ya murɗa, ki ja numfashi mai zurfi ki ɗan rage sauri, galibi yakan lafa. Amma jiri ko ruɗewa ko sanyin jiki a rana mai zafi dalili ne na tsayawa nan take a nemi jami'in lafiya.

Da saura kimanin mita 400, ki fara ƙara sauri a hankali, ki ajiye zaburar ƙarshe zuwa mita 100, kuma kada ki tsaya sai kin ƙetare layin gaba ɗaya, domin ana asarar matsayi a taku biyu na ƙarshe fiye da yadda ake zato. Bayan layin ki ci gaba da tafiya, kada ki zube a hanyar masu shigowa. Ki sha ruwa, ki yi sassarfa ta minti 10, ki ci wani abu cikin awa ɗaya.

Da yamma za ki iya duba sakamako a shafin intanet na Athletic.net ko na MileSplit, inda ake ajiye lokutan yawancin gasannin sakandare. Ki kwatanta lokacinki da wanda kika yi a wannan filin a baya, ba da na wani fili ba, saboda taɓo da tudu na iya ƙara minti ɗaya ko biyu. Masu horarwa da yawa suna sake duba bakwai ɗin farko bayan kowane tsere, don haka wadda lokacinta ya zarce na ta bakwai tana iya samun kanta a rukunin farko a Asabar mai zuwa. Idan kaka ta ƙare a Nuwamba, ki huta mako ɗaya ko biyu kafin ki koma gudu mai sauƙi. A 'yan shekarun nan azumin Ramadan yana faɗawa ne a watannin Fabrairu da Maris, wato bai shafi wannan kaka ba, sai dai gudun cikin zaure na hunturu da farkon gudun fili, kuma wadda ke son ci gaba zuwa can ta zauna da mai horarwa tun watan Janairu su tsara lokutan atisayenta.