Kafin ka sayi bawul ɗin sarrafa ruwa na injin esfireso

Shekara biyu ina shan gahawa daga injina na esfireso, wato mai tura ruwan zafi da matsi ta cikin garin gahawa, yadda ya fito daga kamfani, ko noti ɗaya ban taɓa kwancewa ba. Abin da ya sa na fara neman bawul shi ne wata gahawar Yirgacheffe ta ƙasar Habasha, marar tsananin suya, da abokina ya kawo mini tsaraba. In na niƙa ta yadda na saba sai ta fito da tsami kamar ɗanyar tsamiya. In na ƙara wa garin laushi kuma injin ya shaƙe, sai ɗigo ɗai-ɗai. Irin wannan gahawa so take a jiƙa garinta a hankali kafin a sakar mata cikakken matsi, kuma aikin da bawul ɗin yake yi ke nan: ya ba ka ikon rage ruwa ko ƙara shi da hannunka ana tsakiyar tace gahawar.

Abu na farko, dubi kan injinka, wato inda ake maƙala mariƙin garin. Yawancin bawuloli da ke kasuwa an ƙera su ne don kan da ake kira E61, wanda kamfanin Faema na Italiya ya fito da shi a 1961. Ba ya ɓuya: dunƙulen ƙarfe ne mai ƙyalli da ya turo gaba, da ɗan hannu a gefe da ake ɗagawa ruwa ya zubo, da ƙaton noti a samansa. A ƙarƙashin notin nan akwai 'yar ƙofa ƙarama, faɗinta bai kai milimita 1 ba, ita ce ke ƙayyade gudun ruwa. Bawul ɗin yana maye gurbinta da allura mai shiga da fita, kana murɗa ta daga sama.

In injinka Gaggia Classic ne ko Rancilio Silvia, wannan bawul ba zai hau ba domin kansu ba E61 ba ne, kada ka ɓata kuɗinka. Masu irin waɗannan kan haɗa wa famfon injin makunnin rage ƙarfin wuta, irin na fitila. Yana aiki, amma aikin lantarki ne kusa da ruwa, a bar wa mai gyaran da ya san hannunsa, kuma a tabbatar makunnin na wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240 ne, ba na 110 zuwa 120 irin ta Amurka ba.

To, a ce E61 gare ka. Kamfanonin ECM da Profitec suna da nasu bawul ɗin, Lelit na sayar da irin wanda ke kan injinsu Bianca mai mariƙin katako, akwai kuma na Coffee Sensor. Shawarata ita ce ka fara neman na kamfanin da ya ƙera injinka, domin duk da sunan E61 ɗaya ne, tsawon kayan ciki yakan ɗan bambanta. Na farkon da na saya marar suna ne, na same shi da araha a intanet. Kwana tara ya yi ruwa ya fara tsatsafowa ta gindin mariƙin, washar da ke cikinsa kuma na rasa irinta ko'ina. Tun daga nan tambayata ta farko ga mai sayarwa ita ce: ana samun robobinsa da washarsa daban?

Kada ka yarda ka sayi wanda ba ya zuwa da geji, wato agogon auna matsin ruwa. Gejin da ke jikin injin matsin famfo yake nunawa, ba abin da garin gahawa ke fuskanta ba. Na bawul ɗin kuwa ana ɗaura shi ne a goshin kan, a ramin wani ɗan sukuru da ke gaba, don haka allurarsa tana gaya maka gaskiyar abin da ke faruwa a kan garin. Ba shi, lalube kake yi a duhu.

Sai batun mariƙin da ake murɗa bawul ɗin da shi. Akwai mai ɗan dunƙule da ke zagayawa fiye da sau ɗaya, akwai mai dogon hannu kamar na Bianca da ba ya cika zagaye guda. Dogon hannun ya fi daɗin sha'ani da asuba, ido kawai ya isa ya gaya maka inda kake. Dunƙulen ya fi ba da damar gyara kaɗan-kaɗan, amma sai ka riƙa ƙirga zagaye. Ka auna tazarar da ke tsakanin kan da jikin injin tukuna, kada hannun ya riƙa bugun ƙarfe.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne sifirin. A cikin E61 akwai wani ɗan ɗaki a ƙasa da ke shanye ruwan farko don matsi ya hau a hankali, sifirin ne kuma ke tokare ƙofarsa. Wasu bawulolin na zuwa da sifirin mai tauri da ke hana ɗakin buɗewa, don ragamar ta koma hannunka kacokan. Ni na sa mai taurin, domin da na asalin allurar gejin takan tsaya cak a ƙasa ina jiran ta motsa. Haka kuma in injinka mai tukunya ɗaya ne da bututun ɗumama ruwa a cikinta, rage gudu yana sa ruwan ya daɗe a zafi, sai ka kula da zubar da na farko. Mai tukunya biyu bai da wannan damuwa sosai.

Ruwan da kake zubawa ma abin dubawa ne. Leƙa gindin butar lantarkinka. In ka ga farin ɓawo ya taru, kamar yadda ruwan burtsatse yakan yi a wurare da dama, to shi zai taru a bakin allurar bawul ɗin ya toshe ta. Gyara ruwan kafin bawul.

Ranar da ka ɗaura, kashe injin, zare shi daga wuta, bari ya huce sarai, ka naɗe notin da ƙyalle kafin sifana ta kama shi don kada ta karce. Tun kafin ka kwance komai, ɗora kofi a sikeli, saki ruwa na daƙiƙa 10 ba tare da gari ba, ka rubuta giram nawa ya zubo. Bayan ka ɗaura sai ka murɗa har ka sake samun wannan adadin, ka yi wa wurin alama. Nan ne gidanka, duk inda ka ɓace nan za ka dawo. Kuma kada ka taɓa matse allurar da ƙarfi wajen rufewa, bakinta na saurin lalacewa.

Ga yadda nake yi wa Yirgacheffe yanzu. Giram 18 na gari mai laushi sosai. Na buɗe kaɗan har geji ya kai bar 2 ko 3 (bar shi ne ma'aunin matsi), na tsaya nan har gindin kwandon da garin ke ciki ya jiƙe ɗigon farko ya faɗo. Sannan na buɗe zuwa alamata, matsi ya hau kusan 9, in kofi ya kai rabi na fara ragewa sannu a hankali, na tsayar a giram 40. Tsamin ya tafi, abin da ke saura a harshe ƙamshin fure ne da ɗan zaƙi kamar na lemon zaƙi.