Yadda Ake Tantance Tsohon Hoton Bugun Ingila Kafin a Saya

Da farko, a fitar da hoton daga firam idan mai shi ya yarda, domin gilashi yana ɓoye aibu. Sannan a duba gefen zanen, a nemi shatar da farantin tagulla, wanda a kansa ake sassaƙa zanen don bugawa, ya bari lokacin da aka danne shi a kan takarda mai danshi.

Bayan haka, a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Dokar Ingila ta shekarar 1735 ta buƙaci a sa ranar fitowar hoto da sunan mai haƙƙinsa, kuma yawanci sunan mai zanen asali, kamar Joshua Reynolds, yana hagu, na wanda ya sassaƙa farantin yana dama.

Sai a ɗaga takardar sama ta fuskanci haske, a nemi tambarin masana'antar takardar a cikinta, irin na J. Whatman, wanda wani lokaci yake ɗauke da shekara.

Daga nan a sa madubin ƙara girma. Idan aka ga ɗigo-ɗigo a jere daidai wa daida, bugun injin zamani ne, komai tsufan kamanninsa. Tabon danshi kuwa ba ya hana saye, amma dalili ne na neman ragi.