Yadda Ake Daidaita Ruwan Famfo Mai Nauyi Domin Kifin Ado na Ƙasashe Masu Zafi

Ruwan famfo da ya ratso ta cikin duwatsun farar ƙasa yakan taho da sinadaran kalsiyam da magnesiyam da baikabonet masu yawa. Ana gane shi da ido kafin a auna shi, domin sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa, kuma yakan bar farin ɓawo a gindin tukunya da kuma gefen gilashin tankin kifi, daidai inda ruwan ya tsaya. Irin wannan ruwa ne ake cewa yana da nauyi, kuma galibi ma'auninsa na pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, yakan kai 7.8 ko 8.2.

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a san alƙaluma uku. Na farko shi ne pH, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 kuma ɓangaren kanwa ne, sannan kowane mataki guda ninki goma ne na wanda ke kusa da shi. Na biyu shi ne GH, wato yawan kalsiyam da magnesiyam. Na uku, wanda sabbin masu kiwo suka fi yin watsi da shi alhali shi ne ke riƙe da ragamar al'amarin, shi ne KH, wato yawan kabonet da baikabonet. Ana lissafa GH da KH da digiri, kuma digiri ɗaya yana daidai da kimanin miligiram 17.9 na kalsiyam kabonet a cikin kowace lita.

Ruwan da aka taro yanzu daga famfo ba ya nuna ainihin pH ɗinsa, saboda iskar kabon da ke narke a ciki tana danne shi ƙasa. A zuba shi a bokiti mai tsabta, a saka masa na'urar hura iska na tsawon awa 24, sannan a auna. Kayan awo na ɗigo sun fi takardar tsomawa gaskiya. A yawancinsu ana ɗibar mililita 5 na ruwa a ƙaramar kwalba, a riƙa ɗiga maganin ana girgizawa, ana ƙirga ɗigon har launin ya juya. A awon KH yakan juya daga shuɗi zuwa rawaya, kuma adadin ɗigon shi ne adadin digirin.

Bayan an samu alƙaluman, ya kamata mai kiwo ya tambayi kansa ko akwai ma buƙatar gyaran. Kifaye masu haihuwar 'ya'ya a raye, kamar gofi da moli da filati, sun fi samun lafiya a ruwa mai nauyi, haka nan kifayen siklid na tabkunan Malawi da Tanganyika. Waɗanda ke son ruwa mai sauƙi, wato mai ƙarancin ma'adinai, su ne na yankin kogin Amazon, irin su diskos da tetira, musamman idan ana so su yi ƙwai ya ƙyanƙyashe. A ganina, zaɓar kifin da ya dace da ruwan da ake da shi ya fi duk wata dabara sauƙi da arha, domin kifi yana jure pH 8 da ba ya motsi fiye da pH 7 da ke hawa da sauka kowane mako.

Idan gyaran ya zama dole, kuskuren da aka fi yi shi ne sayen maganin rage pH a zuba kai tsaye. Baikabonet yana shanye tsamin maganin, saboda haka pH zai sauka da yamma, washegari a tarar ya koma inda yake, kifi kuwa ya sha wuyar sauyi sau biyu. Idan aka ci gaba da ƙarawa har KH ya ƙare, sai pH ya rufto gaba ɗaya. Wasu daga cikin magungunan ma suna ɗauke da fosfet, wanda taki ne ga gansakuka. Ita ma na'urar sauƙaƙa ruwa ta gida mai aiki da gishiri ba mafita ba ce, tunda musanya kalsiyam take yi da sodiyam, ta bar KH yadda yake.

Hanyar da ta tabbata ita ce sirkawa da ruwan da ba shi da ma'adinai, wato ruwan na'urar RO, wadda ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata da ke tare kusan duk abin da ya narke a ciki. Lissafin ba shi da wuya. Idan ruwan famfo yana da GH 16 da KH 12, haɗa rabi da rabi zai ba da GH 8 da KH 6, kashi ɗaya na famfo da kashi biyu na RO kuma zai ba da GH kusan 5 da KH 4. Shi pH ba ya bin wannan lissafi. A hankali yake sauka bayan KH ya ragu. Kada a yi amfani da ruwan RO zalla, domin kifi da tsirrai suna buƙatar ma'adinai, kuma barin KH ya yi ƙasa da digiri 3 ko 4 yana buɗe ƙofar ruftawar pH, musamman da yake ƙwayoyin halittar da ke sarrafa amoniya (gubar da ke fitowa daga ƙazantar kifi) a cikin matata suna cin KH a yayin aikinsu.

A haɗa ruwan a bokiti, a sa maganin cire kulorin a rabon famfo (ajiye ruwan kawai ba ya kawar da kuloramin, wani nau'in kulorin da ake sa wa wasu ruwan famfo), a daidaita ɗuminsa da na tanki, sannan a shigar da shi ta hanyar canjin ruwa na mako-mako. A tanki mai lita 100 da GH 16, sauya lita 20 da haɗin rabi da rabi zai sauko da shi zuwa 14.4 a makon farko, zuwa kusan 11 bayan mako huɗu. Wannan jinkiri alheri ne ga kifin. Da zarar an tsayar da ma'aunin haɗi, a rubuta shi, a riƙa bin sa ba tare da sauyi ba.

Busasshen ganyen almon na Indiya da itacen da aka tanada domin tankin kifi suna sakin tanin, su rina ruwa ruwan shayi, su ɗan karkata shi zuwa tsami, amma tasirinsu ba ya bayyana sai KH ya riga ya sauka. A kuma binciki kayan adon tanki: murjani da ɓawon katantanwa da dutsen farar ƙasa suna narkewa su mayar da aikin baya. A fitar da dutsen a ɗiga masa binega. Idan ya yi kumfa, kada a mayar da shi. Ruwan da ya ƙafe a matsayin tururi kuwa yakan bar ma'adinansa a tanki, don haka da ruwan RO zalla ake cike gurbinsa, ba da na famfo ba.