Kurakuran da masu koyon Koriyanci suka fi yi da ɗafa-ƙeyar suna

Na gaji da gyara abu ɗaya a rubutun masu koyon Koriyanci. An ba ɗalibi jadawalin ɗafa-ƙeya, wato 'yan haruffan da ake mannawa a bayan suna don nuna matsayinsa a jimla: i/ga na aikau ne, eul/reul na karɓau, e na wuri. Ya haddace kamar karatun allo, ya ɗauka an gama. Alhali Bakoriye ma'ana yake bi: wa ya yi aikin, wa abin ya sama, mai rai ne ko marar rai.

Babban ramin shi ne maganar so, tsoro da buƙata. Ɗalibi zai so ya ce yana son shayi, sai ya manna wa shayin reul: "cha-reul joayo". Kuskure ne. Jota, asalin kalmar joayo, ba aiki ba ne irin duka ko ci, yanayi yake bayyanawa, babu abin da ya faɗa kan shayin. Daidai shi ne "cha-ga joayo". In lallai reul kake so, koma wa joahada: "cha-reul joahaeyo". Haka tsoron kare, "gae-ga museowoyo". Haka buƙatar kuɗi, "don-i piryohaeyo". Itda (akwai), eopda (babu) da doeda (zama wani abu) duk i/ga suke ɗauka. Wannan ramin ya sha cinye mini maki lokacin da nake shirin sashen rubutu na TOPIK, jarrabawar ƙwarewa a Koriyanci, malamata ta yi ta jan layi har na fara jin kunyar miƙa mata takarda. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga wani na nanata shi bayan an gyara masa. Kuma ku lura: in tsoron na ƙaninka ne, ba ka cikin zuciyarsa, alamun kawai kake gani. Sai zancen ya koma aiki, reul ta dawo: "dongsaeng-i gae-reul museowohaeyo".

Na biyu, e da ege. Ruwa ɗaya, bayarwa ɗaya, amma fure "kkot-e", yaro "ai-ege". Ka buga waya kamfani, "hoesa-e". Ka buga wa aboki, "chingu-ege", ko "hante" a hira. In kuwa kaka ce, kke ake sawa, aikatau na bayarwa ma ya canja daga juda zuwa deurida. Haba jama'a! Ku da ba ku kiran sunan babba gatsau a gida, me zai sa ku ce wa kakar mutane hante?

E da eseo ba su da wuya: kana makaranta kawai, "hakgyo-e isseoyo", kana karatu a can, "hakgyo-eseo gongbuhaeyo". Salda, wato zama a wuri, na karɓar duka biyun. Hukuma ko kamfani kan ɗauki eseo ko da su ne suka yi aikin: "jeongbu-eseo balpyohaesseoyo", gwamnati ta sanar.

Shiga bas kan ɗauki reul, "beoseu-reul tayo". Abin da ido ya hango da kansa i/ga yake ɗauka, "san-i boyeoyo", ana hango dutse. Eun/neun kuwa kan zancen take nunawa, ta kan ture ga ko reul ta zauna a gurbinsu, ba a haɗa su. Yar da ɗafa-ƙeya da kuke ji a fina-finai na hira ne, kada ku kai shi rubutun jarrabawa.

Ni dai abin da nake yi, ba na rubuta aikatau shi kaɗai a littafina. Da sunansa da ɗafa-ƙeyarsa nake ajiye shi, "don-i piryohada", in karanta da ƙarfi har baki ya saba. Wasu malamai sun fi son a fara da ƙa'ida, amma a bakin magana ba ka da lokacin tuno jadawali.