Yadda ake jinyar tauraron teku da ya kamu da ciwo a tankin ruwan gishiri

Tauraron teku ba ya nuna ciwo da wuri. Kifi idan ba shi da lafiya za ka gan shi yana haki ko yana goga jiki da dutse, amma shi tauraro sai ya lafe wuri ɗaya kwana biyu, ka ɗauka hutawa yake, sai ka wayi gari ka ga wani farin tabo a tsakiyar hannunsa. Kafin tabon ya fito, abin ya daɗe yana cinsa. Kuma a mafi yawan lokaci, abin da ke cinsa ruwa ne ko yunwa, don haka jinyarsa daga ruwa take farawa.

Dalili yana cikin halittarsa. Ba shi da jini irin namu. Ruwan tekun da ke kewaye da shi yake ja ta wani ɗan faifai mai ƙananan ramuka a bayansa, ruwan ya ratsa jijiyoyin jikinsa, da shi yake motsa ɗaruruwan ƙananan ƙafafun nan masu kama da tsotsa a ƙarƙashin hannayensa. Ba shi da hanyar daidaita gishirin jikinsa. Idan gishirin tanki ya hau ko ya sauka farat ɗaya, naman jikinsa ne ke ɗaukar bugun.

Mataki na farko, tabbatar ciwo ne ba hutu ba. Sa hannu mai tsabta cikin ruwa (ba sabulu, ba man shafawa, ba turare) ka juya shi rigingine a kan yashi, a hankali. Mai lafiya zai fara lanƙwasa bakin hannu ɗaya, ya kama ƙasa, cikin 'yan mintuna ya juye da kansa. Wanda ya kwanta haka ƙafafunsa na reto ba ƙarfi, yana cikin matsala. Duba jikinsa kuma: ya saɓule kamar an sace masa iska? Hannayen sun murɗe? Akwai wurin da fatar ta buɗe ana ganin fari a ciki? Idan ya manne da gilashi kada ka ɓamɓare shi da ƙarfi, za ka tsinke masa ƙafafu. Kuma kada ka fito da shi iska. Duk abin da za ka yi, yi shi a ƙarƙashin ruwa.

Na biyu shi ne auna ruwa, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Nauyin gishiri ya tsaya tsakanin 1.025 da 1.026, wato kusan kashi 35 cikin dubu. Auna da na'urar hangen gishiri da aka saita ta da ruwan gwaji, domin mai allura ta roba tana yawan yin ƙarya idan kumfa ya maƙale mata. Zafi ya kasance digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Selsiyos, pH (ma'aunin tsamin ruwa) kuma 8.1 zuwa 8.4. Amoniya da naitirait (guba daga kashin kifi da ragowar abinci) su zama sifili, naitiret (abin da suke rikiɗewa zuwa gare shi daga baya) kuma ƙasa-ƙasa. Sai ka tambayi kanka me ya canza a makon nan. Ka bar ruwa ya ƙafe sosai sannan ka zuba sabo da yawa lokaci guda? Ka tuna gishiri ba ya tashi da tururi, ruwa ne kawai ke tafiya, don haka cikon ruwan da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake yinsa, kaɗan-kaɗan kullum.

Ni abin da ya taɓa kashe mini shuɗin tauraro irin Linckia ke nan. Na yi tafiya ta kwana biyar, na dawo na tarar ruwa ya sauka da kusan yatsa biyu, na kwarara ciko duka a zuba ɗaya ina ganin na yi gyara. Kifaye ko a jikinsu. Kwana uku bayan haka bakin hannun tauraron ya fara narkewa kamar takardar da ta jiƙe.

To idan ka sami ma'auni ya karkace, gyara a hankali. Kada gishiri ya motsa fiye da 0.001 a rana. Canza ruwa kamar kashi 10 cikin ɗari, da ruwan da aka haɗa tun jiya, zafinsa da gishirinsa daidai da na tanki. Sa gawayin tace ruwa sabo a matata.

Magani kuwa, ka janye hannunka. Magungunan farin ƙurji na kifi da yawa suna ɗauke da jan ƙarfe, kuma jan ƙarfe guba ne ga tauraro da jatan lande da murjani. Tankin da aka taɓa zuba shi ma, duwatsunsa na iya riƙe shi su riƙa sakinsa daga baya. Tsoma dabba cikin ruwa marar gishiri, da ake yi wa kifi don kashe ƙwari, ga tauraro hukuncin kisa ne.

Na gaba, dubi maƙwabta. Jatan landen harlekin ba shi da abinci sai tauraro. Kifin fafa mai kumbura da kifin tiriga suna gatsa hannu, ƙaguwa kuma da ta ga rauni a buɗe ba ta barinsa. Sa marar lafiyar cikin kwandon roba mai ramuka a cikin tankin nan dai, inda ruwa ke ratsawa. Na fi son wannan a kan kai shi wani tanki daban, domin sabon ruwa wani bugu ne kuma. Idan dole sai an canza masa wuri, a saba masa da ruwan ta siririn tiyo, ɗigo-ɗigo, awa biyu zuwa uku.

Sai batun yunwa, wadda ke kisa ba hayaniya. Taurari irin Linckia da Fromia suna lasar wani siririn danƙo na ƙananan halittu a jikin duwatsu, abin da sabon tanki ko ƙaramin tanki ba ya samarwa isasshe. Tauraro mai tonon yashi kan cinye duk abin da ke cikin yashi a 'yan watanni, sannan ya fara ramewa. Tauraro irin Protoreaster mai ƙusoshi baƙaƙe a baya shi ya fi sauƙi: ajiye ɗan yankin jatan lande ko naman kifi, ka ɗora tauraron a kai. Bayan awa biyu cire abin da ya rage.

Idan hannu ɗaya ne ya lalace kuma tsakiyar jikin na nan da ƙarfi, akwai fata. Tauraro kan yar da hannu da kansa, ya tsiro da wani cikin watanni. Amma idan narkewar ta kai tsakiya, da wuya ya tashi. Kwatanta da annobar da ta fara a gaɓar Fasifik ta Arewacin Amurka a 2013, wadda binciken 2025 ya danganta da ƙwayar cuta mai suna Vibrio pectenicida: can ma haka taurarin ke narkewa cikin kwanaki. Wannan bai nuna cewa ita ce a tankinka ba, sai dai wanke hannu da kayan aiki bayan taɓa marar lafiya wajibi ne, musamman idan kana da raunin fata.

Duba shi safe da yamma. Ranar da ƙafafun suka daina motsi, jikin ya yi laushi, wari ya taso, kwashe shi nan take da kofi, kada da raga, don zai wargaje. Gawarsa na iya ɗaga amoniya cikin dare ɗaya a ƙaramin tanki. Canza ruwa, sa sabon gawayi, ka ci gaba da aunawa har mako guda.